Kiɗan Jita A Idon Kyamara: Kwana Uku Tare Da 'Yan Makarantarmu A Tamanrasset

A hutun hunturun da ya wuce, wata ranar Laraba bayan sallar la'asar, muna zaune a ƙofar gida muna shan shayi sai ga wasu ɗalibanmu su shida, maza huɗu da mata biyu, dukkansu 'yan ajin ƙarshe na lise. Da ganin yadda suka jero, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba, mun san ba gaisuwa kaɗai ta kawo su ba. Bayan an gaisa, babbansu ya durƙusa ya ce, "Malam, aiki muka ɗauko, ga shi yana neman ya fi ƙarfinmu." Aikin kuwa shi ne, ƙungiyar al'adu ta makarantarsu ta nemi kowane rukuni ya kawo wani abin kallo game da garinmu, su kuma suka ce za su ɗauki wasu samari makaɗan jita na unguwarsu a bidiyo, su haɗa waƙa guda cikakkiya irin wadda ake gani a talabijin. Kayan aikinsu duka-duka wayoyin salula biyu ne, da kyamara ɗaya ta aro, da kwamfutar yayan ɗayansu. Abin da suke nema a wurinmu shi ne babba wanda zai tsaya musu, don iyaye su yarda.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, da farko mun so mu zame. Jarrabawar bak tana tafe a watan Yuni, kuma mun sha ganin yaron da ya ɗauki jita ya ajiye littafi. Ga shi mu ba mu taɓa riƙe kyamara ba sai a wurin suna ko ɗaurin aure. Abin da aka koya mana a makarantar horon malamai alli ne da allo. Baiti guda ne ya sa muka amsa. Da suka kunna mana waƙar a waya, muka ji ta faro da Tamashek kamar yadda aka saba, ta yi baiti biyu, sai a na uku mai kiɗan ƙwarya ya karɓe da Hausa, yana zancen wata uwa da ke tsaye a tasha tana jiran motar da za ta kawo ɗanta daga Arlit. Mun daɗe muna jin Hausa a garin nan, a kasuwa da tasha, a bakin teloli da mahauta, amma ba kasafai muke jin an ɗora ta bisa jita ba. Muka ce da su, "To, yara, Allah ya kai mu gobe."

Makaɗan su huɗu ne, ba wanda ya kai shekara ashirin da biyar. Biyu Abzinawa ne, ɗaya Balarabe, na huɗun kuwa, watau mai ƙwaryar, Bahaushe ne wanda kakansa ya zo fatauci daga ƙasar Tawa ya zauna. Da rana ɗaya makanike ne, ɗaya yana tsaron shago, biyu suna neman aiki. Da dare su yi wasa a gidajen biki a Tahaggart da Sersuf da Gat el-Wad. Ba za mu faɗi sunayensu ba, haka ma na ɗaliban, domin ba mu nemi izini a kan haka ba.

Garin da jita ta girma a cikinsa

Wanda bai san garin nan ba zai yi mamakin a ce 'yan lise sun zaɓi kiɗan jita a matsayin abin da ke nuna Tamanrasset. Mu kam ba mu yi ba. A nan ne a shekarar 1979 Ibrahim Ag Alhabib, wani saurayi ɗan gudun hijira daga arewacin Mali, ya haɗu da abokansa suka fara kiɗa a gidajen biki da wuraren hira, ƙungiyar da daga baya duniya ta sani da suna Tinariwen. Samarin wancan zamani, waɗanda fari da rikici suka raba da dabbobinsu, ana ce musu ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Waƙoƙinsu ba su da kamfani, ba su da gidan rediyo. Kaset ne ake kwafa daga rikoda zuwa rikoda, wani direba ya kai Kidal, wani ya kai Agadas, wani ya kai Libiya. Shekara 33 bayan wancan farawa, a 2012, suka karɓi lambar Grammy a Amurka saboda faifansu mai suna Tassili, wanda suka ɗauka a cikin duwatsu kusa da Janet.

A 1990 kuma, da rikici ya tashi a arewacin Nijar, iyalin wani yaro ɗan shekara goma daga Agadas suka yi hijira zuwa nan, kuma a nan ya fara taɓa jita. Shi ne Omara Moctar wanda ake kira Bombino. Abin lura a labarinsa shi ne kyamara ce ta fito da shi duniya. Wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, ya ji kaset ɗinsa sa'ad da yake yawo a ƙasar Agadas, ya bi sawunsa har Burkina Faso inda yake gudun hijira karo na biyu, sa'an nan ya ɗauki wasan da ya yi a gaban babban masallacin Agadas a watan Janairun 2010. Da fim ɗin ya fita, da kuma faifansa na 2011, sai ƙofofi suka buɗe.

Wanda labarinsa ya fi shafarmu mu Hausawa shi ne Mdou Moctar na Nijar. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar nan mai lanƙwasa murya ta masu waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara har suka kai kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa ɗaya daga cikinsu a tarin da ya fitar a 2011, sa'an nan a 2015 suka fito da fim ɗin da suka yi tare a Agadas. Watau zumuncin jitar Abzinawa da sana'ar bidiyon Hausa ba yau ya fara ba. Ita kuwa sana'ar tamu an san inda ta taso: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano da fim ɗinta Turmin Danya na 1990, wanda aka yi da kyamarar da hotonta bai kai na wayar da ke aljihun ɗalibanmu ba.

Amma waɗanda yaranmu suke kallo a matsayin yayyensu su ne Imarhan, 'yan garin nan su biyar. Jagoransu, Iyad Moussa Ben Abderahmane wanda aka fi sani da Sadam, ɗan'uwan Eyadou Ag Leche ne, mai jitar bas na Tinariwen. Faifansu na farko ya fito a 2016, na biyu mai suna Temet a 2018. Da suka sami abin hannu, sai suka gina ɗakin ɗaukar sauti a nan Tamanrasset, irinsa na farko na ƙwararru a garin, suka raɗa masa suna Aboogi, watau sunan bukkokin da kakanninsu makiyaya suka kafa sa'ad da suka fara zama wuri guda. Faifan da suka ɗauka a cikinsa ya fito a Janairun 2022, har da baƙi irin su Sulafa Elyas 'yar Sudan da Gruff Rhys daga ƙasar Wales. Ke nan maimakon su tafi Turai, Turai ce ta fara zuwa wurinsu.

To, sauti ya sami gida. Hoto fa? Galibi har yanzu baƙo ne ke zuwa ya ɗauka ya tafi da shi. Ko fim ɗin da aka yi a kan Imarhan a 2018, Children of Tam, wani Bafaranshe ne, Vincent Moon, ya shirya shi, kuma ya kyauta. Makarantar gwamnati ta koyon wasan kwaikwayo da aikin fim, ISMAS, tana gefen birnin Alje, tafiyar kusan kilomita 2,000 daga nan. Wannan giɓi ne ɗalibanmu suka sa ƙafa a cikinsa ba tare da sun sani ba.

Gardamar wuri

Ranar Alhamis aka yi zaman shawara a zaurenmu, kuma a nan aka fara kai ruwa rana. Babban ɗalibin ya zo da shirinsa a rubuce: a tafi Asekrem, can bisa tudun da ya haura mita 2,700, inda Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911, a naɗa wa makaɗan rawani su huɗun, a sa musu manyan riguna, a ari raƙumi, a ɗauke su rana tana faɗuwa a bayan duwatsu. Hujjarsa ita ce irin wannan hoto ne mutanen waje suke so, shi ne ke kawo 'yan kallo a intanet. Ba ƙarya ya yi ba.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta tare shi. Ta ce, "Yaya, mutanen nan ba su taɓa hawa raƙumi ba. Makanike ne da mai shago. Waƙar kuma zancen tasha take yi, ina tasha a Asekrem?" Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce.

Mun goyi bayan yarinyar, kuma za mu faɗi dalilinmu. Akwai na aljihu: Asekrem tafiyar kilomita 80 ce a kan hanyar duwatsu, sai da motar da ke ja da ƙafa huɗu, kuma kuɗin hayarta ya fi abin da su shidan suka tara. Akwai na doka: wurin yana cikin gandun Ahaggar da gwamnati ta keɓe tun 1987, kuma ɗaukar fim a irin wannan wuri yana bukatar takardar izini. Haka nan ƙaramin jirgin nan mai kyamara da wani ya ce zai aro, doka ba ta yarda a tashe shi haka kawai ba, don haka muka ce kada ma a kawo shi. Amma babban dalilin shi ne na gaskiya. Ba mu da ja da rawani. Abzinawan nan biyu nasu ne, sun kuwa naɗa abinsu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a naɗa wa jikan mutumin Tawa tufafin da ba nasa ba don a burge wani a Faransa. Su kansu Imarhan an san su da fitowa da wandon jins da rigar fata, kamar yadda samarin gari suke yawo, kuma bai hana duniya sauraronsu ba. In yaranmu suka fara koyon kyamara da ɓoye kansu, to me suka koya?

Daga ƙarshe aka tsayar da wuri biyu: bakin busasshen kwarin da ya ratsa gari, inda dutsen Adriyan yake fitowa a baya, da kuma gaban tukubar wani dattijo mai nama a unguwarsu, da dare. A nan bari mu ɗan ratse. Duk baƙon da ya zo Tamanrasset daga arewa sai ya nemi "mainama", har cikin takardun masu yawon buɗe ido an rubuta shi a matsayin abincin garin, amma da yawansu ba su san cewa Hausa suke yi ba: mai nama ne, mutumin da ke bakin wuta, sunansa ya koma sunan gashin. In ana neman shaidar zamanmu a garin nan, ga ta nan tana ƙamshi a kowace kusurwa.

Sauti kafin hoto

Darasin farko ɗaliban sun riga mu saninsa: waƙar da ake gani a bidiyo ba a wurin ɗaukar hoton ake ɗaukar sautinta ba. Da a fili za a ɗauka, iska da ƙarar babura da kukan injin wuta za su cinye ta. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shiga wani ɗaki na ƙurya, aka jingina katifu a bango, aka rataya barguna a ƙofa da taga don kada murya ta riƙa dawowa, aka ɗauki waƙar sau biyar, aka zaɓi ta huɗu. Wannan ita ce uwa. Duk abin da za a yi washegari, bin ta za a yi: a kunna ta a lasifika, makaɗa su bi ta da hannu da baki, kyamara tana ɗauka.

Kafin kowace ɗauka, yaro ɗaya zai tsaya a gaban kyamarorin uku ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Mun tambayi amfanin wannan, aka ce da mu da shi mai haɗawa zai daidaita hoto da sauti a kwamfuta, domin kyamarar tana ɗaukar hoto 25 a cikin daƙiƙa guda, kuma in baki ya riga murya ko da da hoto uku ne, ido zai gane. Mun ji daɗin wannan bayani, don kuwa wanda ya yi mana shi yaro ne da muka sha fama da shi a kan lissafi.

Asabar da hantsi aka fita kwari, kuma a nan muka yi asarar rabin yini. Garinmu yana bisa tudu kusan mita 1,400, iskarsa busasshiya, ranarsa kuwa ko a hunturu kaifi gare ta. Da aka duba abin da aka ɗauka, rawani ya yi fari fat kamar an zuba madara, fuskokin kuwa sun zama baƙin rami, ba ido ba hanci. Kyamara ba ta da adalcin idon mutum: in ta auna farin tufa sai ta danne baƙar fata, in ta auna fata sai tufa ta ƙone. Wannan matsala tamu ce musamman, kuma duk mai son ɗaukar mutanenmu ya kamata ya san ta. Maganinta biyu ne. Na farko a jira rana ta yi sanyi. A ƙarshen Disamba tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, don haka daga biyar saura zuwa magariba shi ne lokacin aiki. Na biyu a sami abin da zai mayar da haske bisa fuska. 'Yan matan suka koma gida suka dawo da kwali an lulluɓe shi da takardar azurfa ta naɗe abinci, da farin zanen gado. Da la'asar sakaliya aka sake, sai ga fuskoki sun fito kamar an wanke su.

Sau tara aka maimaita waƙar a cikin sa'a guda da 'yan mintoci: biyu daga nesa ana ganin su duka da dutsen, ɗaya-ɗaya a kan kowane makaɗi, sauran a kan yatsu da igiyoyin jita da tafin mai ƙwarya. Wayoyin a kwance aka riƙe su, ɗaya an ɗaure ta da roba a jikin kujera don kada ta yi rawa. Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne mai babbar jitar ya kasa bin kansa. Irin kiɗan nan ba a haddace shi. Kowane lokaci yatsa yana bin inda zuciya ta kai shi, don haka abin da ya kaɗa jiya daban, abin da hannunsa yake yi yau daban. Ya fusata ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Sai da aka ba shi waya ya koma gefe ya saurari kansa sau uku kafin aka ci gaba. Ana cikin ta tara sanyi ya sauko, batirin kyamarar aro ya mutu, aka ƙarasa da waya.

Fuskar wa za a nuna?

Da dare aka koma gaban mai nama. Wuta tana ci, hayaƙi yana tashi cikin hasken fitila, yaran suka ce wannan ya fi Asekrem. Kafin a jima mutane sun taru, kuma mai riƙe da kyamara ya fara juya ta yana ɗaukar 'yan kallo. Sai wani saurayi ya matso kusa da mu, ya gaishe mu da ladabi, ya ce cikin ƙaramar murya, "Baba, don Allah a cire ni." Ba mu tambaye shi dalili ba. Duk mai karanta wannan shafi ya san cewa tun daga Disambar 2014 ake mayar da 'yan Nijar marasa takardu gida ta hanyar In Gezzam da Asamaka, kuma ya san akwai wanda bayyanar fuskarsa a intanet ba ƙaramin abu ba ne a gare shi, ko don hukuma, ko don iyalin da suke zaton yana wani wuri. Shi ma dattijon mai nama ya kira ɗalibin ya ce, "Ɗana, ka ɗauki wuta, ka ɗauki nama, ka ɗauki hannuna in kana so. Amma ka bar mini fuskar baƙina."

A nan take muka tsayar da aiki, aka goge abin da aka ɗauka a gaban saurayin, aka kuma kafa ƙa'ida: ba a ɗaukar kowa sai an tambaye shi, yaro kuwa sai an tambayi iyayensa. Waɗanda suka yarda aka tsayar da su gefe guda, waɗanda ba su yarda ba suka koma bayan kyamara suna kallo. Matan da suka zo tafi suka ce a ɗauki hannuwansu kawai, kuma hoton tafin nan da lalle, a ganinmu, shi ne mafi kyau a cikin faifan duka. Wannan darasi ba ya cikin littattafan da yaran suka karanta a intanet, domin waɗanda suka rubuta su ba su zauna a garin kan iyaka ba.

Sai maganar mallaka, wadda muka dage a kanta duk da cewa yaran sun ga kamar tsufa ne ke damunmu. Waƙa ta makaɗa ce, hoto na ɗalibai ne, to faifan na wa ne? Dokar ƙasar nan mai lamba 03-05 ta ranar 19 ga Yulin 2003 ta kare haƙƙin mai ƙirƙira da na mai rerawa, kuma akwai hukumar ONDA, wadda aka kafa tun 1973, inda ake rajistar waƙa. Muka sa aka rubuta takarda shafi guda da Larabci, kowa ya sa hannu: za a nuna faifan a makaranta da sunan ɗaliban, za a sa shi a YouTube a shafin makaɗan, in wani abu ya shigo a raba yadda aka rubuta. Mun ga abota da yawa da ta mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Baiti na uku

Mako biyu aka yi ana haɗawa, kuma a nan ne abin da muka fi tsoro ya taso. Waƙar ta kai minti shida, wani kuma ya gaya musu cewa mutane ba sa kallon abin da ya wuce huɗu. Sai a yanke wani abu. Abin mamaki, wanda ya ce a yanke baitin Hausar shi ne mai shi. Ya same mu shi kaɗai ya ce, "Malam, Hausata ba ta da kyau. Akwai Larabci a ciki. In mutanen Maraɗi da Kano suka ji, dariya za su yi mini."

Mun daɗe ba mu ji maganar da ta taɓa mu kamar wannan ba. Yaron nan an haife shi a nan, ya yi karatu da Larabci da Faransanci, yana hira da abokansa da Tamashek, Hausa kuwa a bakin kakarsa kaɗai ya same ta. Harshen Tamazight ya zama harshen ƙasa a 2002, ya zama na hukuma a 2016, ana koyar da shi a makarantu, kuma muna taya maƙwabtanmu murna, don sun sha wuya kafin su samu. Hausa ba ta da aji a nan, ba ta da littafin makaranta. Gida ne makarantarta, sai kuwa ɗan wannan shafi. Muka ce da shi Hausar Kano ma cike take da Larabci da Ingilishi, ta Damagaram da Faransanci, kuma ba wanda ya ce su yi shiru. Tasa Hausar Tamanrasset ce, kuma in bai rera ta ba, wa zai rera? Aka rage tsawon kiɗan farko da na ƙarshe, baitin ya tsaya.

Da aka zo rubuta fassara a ƙasan hoto, sai ta bayyana cewa a cikin ɗaliban shida, huɗu suna jin Hausa amma ba ko ɗaya da ya iya rubuta ta. Dare guda muka yi a zaure muna koya musu bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ, da yadda ake nemo su a kwamfuta. A cikin aikin nan duka, nan ne kaɗai muka yi abin da aka horar da mu a kansa.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna abin da ake iya yi. Imzad, gogen nan mai igiya ɗaya da matan Abzinawa suke kaɗawa, ya kusa ɓacewa da tsofaffin da suka iya shi. A 2003 aka kafa ƙungiyar ceto shi, aka buɗe wurin koyar da 'yan mata a nan garin, kuma a Disambar 2013 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Mu ma muna da namu. Ibrahim Narambaɗa, yawancinmu muryarsa kawai muka sani. Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, gidajen talabijin sun ɗauke su, shi ya sa jikokinmu za su ga yadda ɗaya yake tsayawa a gaban makaɗan kalangu da yadda ɗaya yake rungume kuntigi. Masu kalangu da 'yan goge da suka yi mana bukukuwa a garin nan shekara da shekaru kuwa, suna ta tsufa ba wanda ya nufe su da kyamara.

An fara nuna faifan a tsakar gidan su mai ƙwaryar kafin a kai makaranta. Aka rataya farin zanen gadon nan a bango, aka aro majigi, unguwa ta cika gidan. Da aka zo baiti na uku, tsakar gida ta yi tsit. Da aka gama, kakar yaron, wadda ta zauna a gaba bisa tabarma, ta juyo ta ce da ɗalibar da ke riƙe da kwamfuta, "'Yar nan, maimaita mini wurin namu." Sau uku aka maimaita mata.

Ɗaliban sun yi mana alkawarin ajiye kyamara har sai an gama bak. Bayan nan akwai wani tsohon makaɗin kalangu a Gat el-Wad da suka riga suka yi wa magana. Ya ce su zo da safe kafin hannunsa ya gaji, su kuma taho da goro. Duk wanda yake da tsohon kaset na biki ko suna da aka yi a garin nan, na murya ko na bidiyo, yana iya kawo shi ofishin wannan mujalla, za a kwafa a mayar masa da abinsa.